Neman Fuskar Baba a Ƙasar Turawa

Tun a makon farko da na sauka Manchester aka fara yi mini ƙorafi a kan idona. Farfesan da ke duba bincikena, dattijo mai furfura, ya kira ni ofishinsa ya tambaye ni ko akwai abin da nake ɓoye masa. Na ce babu. Ya ce to don me in yana magana nake tsura wa takalminsa ido? Na rasa ta inda zan fara. Mutumin nan ya isa ya haife ni, ga shi malamina, ta yaya zan ƙura masa ido kamar za mu sa dambe? A garinmu Rano, yaron da ya yi wa babba haka sai ya sha mari kafin a tambaye shi dalili. A nan kuwa sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce. Direban bas ka kalle shi, likita ka kalle shi, tsohuwa mai kanti ita ma ka kalle ta. Na ce a raina, lalle na zo ƙasar tsaurin ido.

Karatun digirin digirgir na je yi a kan tsaftace ruwan sha, gwamnatin jiharmu ta ɗauki nauyina, ko in ce ta yi alkawarin ɗauka. Sai na faɗa a shekarun da su ma Turawan gwamnatinsu ta tsuke bakin aljihu, yau ka ji an rufe wurin wasan yara, gobe ka ji an sallami ma'aikata. Zane ba shi ya kai ni ba. Sha'awa ce kawai tun ina yaro, in zana motoci da rumfunan kasuwa da akuyoyin Inna. Mutum ne ban taɓa zanawa ba, saboda Baba ba ya so.

A hunturuna na farko, ina tsaye a kanti da kwando a hannu, ƙanwata Bilkisu ta kira ni. Baba ya rasu da safe, kuma kafin ta samu layina har an kai shi makwancinsa. Na ajiye kwandon a ƙasa na fita cikin ruwan sama. Babu wanda zan faɗa wa, babu tabarmar da zan zauna a zo a yi mini gaisuwa. Bas sai wucewa suke yi.

Baba tela ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda da hoto ba. In mai hoto ya shigo wurin biki, nan take Baba zai tuna ya bar ɗinki a shago. Hotonsa guda da ya rage shi ne na katin zaɓe, shi ma baƙi ƙirin, hula kawai ake iya ganewa. Bayan an share makoki Bilkisu ta sake kirana.

"Yaya Nasiru, kai da ka iya zane, ka zana mana Baba mana. Yarana za su tashi ba su san kamannin kakansu ba. Ga kuma Inna."

"Inna ce ta ce a yi?"

"Ka san Inna ba za ta ce ba. Amma idonta raguwa yake yi. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa. In za ka yi, ka yi tun tana gani."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ta hana ni sakat har na bar ƙasar.

Na ɗauki fensir na rufe ido don in gan shi. Na ga hularsa mai ruwan ƙasa. Na ga tef ɗin awo rataye a wuyansa, da allin da yake maƙalewa a bayan kunne. Amma tsakanin hula da wuyan riga babu komai. Na sake gwadawa washegari, haka. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, wai ubana bai yi wata biyu a ƙasa ba har na manta fuskarsa. Na gaya wa kaina cewa rashin iyawa ne. Ban taɓa zana mutum ba, dole in koya.

A bangon ɗakin karatu na unguwarmu na ga sanarwa: ajin koyon zanen mutum, duk ranar Asabar da rana, ana kawo mutum ya zauna a gabanka kana zana shi, kuma hukumar gari ce ke ɗaukar nauyi. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Babu wanda ya ga ya dace ya ƙara layi ɗaya a sanarwar nan ya gargaɗi bayin Allah irina.

Ajin yana saman bene. Yawancinsu tsofaffin mata ne, kowa da katako mai ƙafa uku da ake jingina takarda. Malamar, Morin, gajeriya ce mai farin gashi da baƙaƙen yatsu. Ta miƙo mini gawayi, irin dai wanda Baba ke zubawa a dutsen guga, sai dai nasu siriri ne kamar tsinke. Can sai ga wani dattijo ya shigo sanye da rigar wanka, da sanƙo da ɗan tumbi, sa'an Baba ne ko ya girme shi. Na miƙe da sauri na ba shi kujerata. Ya yi murmushi ya ce a'a, yana da tasa. Ya wuce tsakiyar ɗaki, ya kwance ɗamarar rigar, ya ajiye ta gefe, ya zauna tsirara haihuwar uwarsa.

Na yi salati a fili. Wata tsohuwa kusa da ni ta ɗauka atishawa na yi, ta miƙo mini tishu.

Ƙofa tana bayan dattijon, in zan fita sai na raɓa ta gabansa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga tsofaffin matan nan sun ɗaga gawayi suna auna shi da ido ɗaya, ko a jikinsu, kamar masu tayin rago. Na sunkuyar da kaina inda na saba sunkuyar da shi, sai idona ya sauka a kan ƙafafunsa. Tunda dole hannu ya yi wani abu, na zana su.

Morin ta zagayo ta tsaya a bayana, ta daɗe.

"Waɗannan ƙafafu sun yi kyau ƙwarai. Ina sauran mutumin?"

Na ce zan zo wurin.

Ban zo wurin ba. Asabar ta bi Asabar, ina zana ƙafafu. Da na fahimci akwai makon da mace ke zama, na gaya wa Morin gaskiya cewa wannan kam ya fi ƙarfina. Ta yi mini kirki, ta riƙa sanar da ni tun da wuri in na mace ne in yi zamana a gida, ta kuma roƙi dattijon ya riƙa barin gajeren wando a ranakun da nake nan. Wasu daga cikin tsofaffin suka yi ta gunaguni wai na rage musu darasi. Darasin me, fisabilillahi? Amma ko da wandon, wuyana ya ƙi ɗagawa. Wata rana haƙurin Morin ya ƙare, ta kama haɓata da yatsun nan nata ta ɗaga sama.

"Fuska kake so ka koya, ko ba haka ka ce mini ba? To ga ta can. Ba a ƙasa take ba."

Haka na hau bas na koma gida da shatin yatsu huɗu baƙi a haɓa, ban sani ba sai da na duba madubi.

Sunan dattijon Kolin, tsohon direban bas ne, fanshonsa ba ya isarsa shi ya sa yake wannan aiki. In an tashi yakan sa kayansa ya haɗa mana shayi. Ni Baba Kolin nake ce masa, shi kuma kullum sai ya gyara mini, wai Kolin kawai. Bakina ya ƙi. Wata rana ya ɗauki takarduna yana dubawa.

"Yaro, na daɗe ina wannan zama, ba a taɓa girmama ƙafafuna haka ba. Har matacciyar fatar da ke gefen ɗan yatsana ka sa. Me fuskata ta yi maka?"

Na yi masa bayani iya iyawata. Na ce a wurinmu ba a kallon babba cikin ido, in za ka gaishe shi durƙusawa kake yi, abin da ke gabanka ƙafarsa ce. Na ce ni kuma nawa ya yi yawa, domin ni ɗan fari ne. Ɗan fari a wurinmu iyayensa kunyarsa suke ji, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane. Ni ba na kallon Baba don girmamawa, shi ba ya kallona don kunya. Inna kuwa ko a waya ba ta karɓar kirana, daga nesa nake jin ta tana cewa a gaishe shi.

Baba Kolin ya juya cokali a kofinsa.

"Nawa yaran cikin ido suke kallona. Sai dai ba sa zuwa."

Daga baya na samo dabara. Akwai taga a gefen ɗakin, in gari ya yi duhun hadari, wanda a Manchester kusan kullum ne, fuskar Baba Kolin takan fito a gilashin. Ta nan nake satar kallonsa. Da haka na koyi inda ido yake zama da yadda hanci yake fitowa. Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, na zauna na zana Baba, na sa masa hularsa da tef ɗinsa, na ɗauka a waya na tura wa Bilkisu. Ba a jima ba ta kira tana dariya har da tari.

"Yaya, wannan ai Bature ne ka sa wa hula."

Na duba da kyau. Baba Kolin ne sak, har sanƙon yana leƙowa ta ƙarƙashin hula. Dariyar Bilkisu ta koma kuka, ta kashe wayar. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ana cikin haka Morin ta shigo wata Asabar ba walwala, ta ce hukuma ta janye tallafi, benen ma za a rufe. Tsofaffin suka yi ta faɗa, suka ce za su yi zanga-zanga, aka yi, mu goma sha wani abu a cikin yayyafi, babu wanda ya leƙo. A ranar ƙarshe Morin ta tattara ragowar gawayi da naɗin manyan takardu ta danƙa mini, ta ce in na gama zane in fesa masa maganin gashin mata, gawayin ba zai zube ba. Baba Kolin ya miƙo mini hannu, na kama da hannu biyu na rusuna. Ya ce ko yau ɗaya in kalle shi. Na kalli kunnensa.

Zango na biyu Birmingham. Farfesana ya samu aiki a wata jami'a a can, ya ce ko in bi shi ko in nemi wani malamin in faro daga tushe. Na naɗe takarduna na bi shi.

Ɗaki na samu a unguwar Small Heath ta hannun wani mutum da na gani a intanet. Hoton ɗakin gwanin sha'awa, ga taga, ga labule, ga tebur. A waya kowace jimla sai ya ce mini ɗan'uwa, har da rantse-rantse. Da na iso da akwatina, ya hau da ni saman wani shagon soya kaza, ya buɗe wata ƙofa. Gado ne da wata ƙatuwar firiza ta shagon, tsakaninsu wurin da mutum zai tsaya a karkace. Na nuna masa hoton. Ya ce ai wannan ɗakin ɗaya gidan ne, an riga an kama, amma wannan ya fi ɗumi. Na ce tagar fa? Ya ce ɗan'uwa, a garin nan me za ka kalla? A nan na fara ganin Baba yana da hujja a kan hoto. Firizar nan ita ce teburina, a kanta nake rubutu, a kanta nake zane, in yaran shago sun hau ɗaukar kaza in kwashe komai in tsaya riƙe da shi. Takarduna duk suka ɗauki ƙaurin mai. Abin da ya sanyaya mini rai a unguwar, masallaci ko ta ina, nama na halal a kowace kwana, ba ka sai ka tsaya karanta bayan kwali ba.

Na nemi ajin zane, aka ce na hukuma duk an rufe, saura wani da masu sha'awa suka haɗa da kansu wajen Balsall Heath. Na je ranar Lahadi da la'asar da hulata a kai, ashe a saman gidan giya ake yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina shawara da zuciyata, na tuna idon Inna, na runtse ido na ratsa ta cikin mashaya na hau bene. Ina shiga na tarar budurwa ce a zaune, ko zare babu. Na juyo na sake ratsa mashayan. Duka-duka ban yi minti biyar a ginin ba, amma ranar Juma'a wani ɗalibi ɗan jiharmu ya ja ni gefe bayan salla, ya sassauta murya ya ce an gan ni, in ji tsoron Allah, ƙasar nan tana lalata mutane. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na auna: in ce ba giya na je sha ba, tsiraici na je zanawa? Na ce masa na gode, Allah ya shirye mu.

Bilkisu kuma ba ta fasa ba. In ta kira, gaisuwa ɗaya sai ta ce ina zanen. Ta ce yanzu Inna ba ta iya zura zare a allura. Bayan wasu watanni ta ce sai an matso kusa take gane mutum. Wata rana a cikin bas takaici ya ishe ni, na ɗaga murya na ce ta ƙyale ni, ita ta san irin wahalar da nake sha, na ga tsiraicin tsoho, na kwana da firiza, an ce ni mashayi ne, duk a kan zanen nan. Ina kashe wayar na ji an taɓa kafaɗata daga baya.

"Ɗana, rage murya. Duk sirrinka muna ji."

Da Hausa. Na juya na ga wata uwa da ɗankwali da ƙatuwar rigar sanyi, tana danne dariya. Ita ce Mama Rifkatu, mutuniyar kudancin Bauchi, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi a garin. Kafin ta sauka ta sa na ba ta labarin tun daga farko, ta kuma ce ranar Lahadi bayan sun taso daga coci in zo gidansu a unguwar Lozells in ci tuwo.

Zango na uku ke nan, kuma shi ne mai daɗin. Gidansu irin jerin gidajen nan ne masu manne da juna, ƙofa na buɗewa ƙamshin daddawa ya dake ni, sai da na dafa bango. Rabona da miyar kuka tun gida. Mama ta ce in ci hankalina kwance, naman daga shagon halal ta saya saboda ni. Maigidanta, Baba Iliya, dogo ne siriri, ya yi ritaya daga aikin tura marasa lafiya a asibiti. Ya saurari labarina yana gyaɗa kai.

"To ai ga ni. Tun da council, hukumar garin nan, ta rufe mana zauren da muke haɗuwa mu tsofaffi, ba ni da aikin yi sai kallon taga. Likitana ma ya ce in nemi abin da zai ɗebe mini kewa. Ka zana ni. Amma da rigata, ka ji ko? Ni ba Bature ba ne."

Ya shiga ciki ya fito da babbar riga da hula, ya hakimce a kujera. Na kafa takarda. Na kalli hular, na kalli aikin wuyan rigar, na kalli agogon bango. Wannan ya ma fi na Baba Kolin wuya, domin wannan da harshen Baba yake magana.

"Nasiru, ni kake zanawa ko kafet?"

"Kai ne, Baba."

"To dube ni mana. Na ba ka izini. Rifkatu, zo ki zama shaida, na yafe masa."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce ta shaida. Na ɗaga kai a hankali, wuyana kamar an ɗaura masa dutse. Muka haɗa ido. Sai shi ma ya kawar da nasa, ya ce kai, abin da nauyi ashe. Muka yi ta dariya har Mama ta ce in ba za mu yi aiki ba mu tashi mu wanke mata kwanuka.

Lahadi bayan Lahadi ina zuwa. Na koyi kallo. Na ga yadda fatar ƙarƙashin idonsa ta tattare, da tsagar gado a kumatunsa da ta kusa shafewa, da yadda gefen bakinsa na hagu yake riga na dama yin murmushi. Na yi shekaru ina gaida dattawa ban san fuskar tsoho tana da wannan yawan abin kallo ba. Ranar da na gama, Mama ta riƙe takardar ta ce wannan Iliya ne har da taurin kansa. Suka sa a firam suka rataye a falo.

Na ce yanzu kam na iya. Lahadin da ta biyo na ce wa Baba Iliya ya huta, yau ubana zan zana. Na zauna a ƙasa a falonsu na shimfiɗa babbar takarda cikin waɗanda Morin ta ba ni. Na zana hula. Na zana tef. Na tsaya. Na goge, na sake. Idon Baba Iliya ya fito, na goge. Hancin kawuna ya fito, na goge. Har takardar ta yi baƙi ta huje. A nan gaskiyar ta zo mini, kuma ba ta zo da daɗi ba. Ba mantawa na yi ba. Ban taɓa ajiye fuskar ba balle in manta ta. Duk wahalar nan, daga Manchester har nan, na yi ta koyon yadda zan ɗebo abu daga rumbun da ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Haushin kaina ya kama ni, da na Bilkisu, da na tarbiyyar da aka yi mini, har da na Baba, Allah ya gafarta masa, da bai taɓa cewa dube ni ba ko sau ɗaya. Na jefar da gawayin na haɗa kai da gwiwa.

Baba Iliya ya buɗe jarida. Mama Rifkatu ta ga zaman ya yi nauyi, ta jawo ɗinkinta. Tana da wani tsohon keken ɗinki na ƙafa a lungun falo, ta saya a shagon gwanjo, da shi take gyara kayan zumuntar matan cocinsu. Kullum a rufe nake ganinsa da zane, na ɗauka tebur ne. Ta yaye zanen, ta cire silifa, ta ɗora ƙafa a kan feda ta fara takawa.

Ina zaune a ƙasa, daidai inda nake zama a shagon Baba ina tsince ƙyallaye. Ƙarar nan ta shiga kunnena, bel yana juyawa, feda tana sama tana ƙasa. Na jawo sabuwar takarda ban ma yi shawara ba. Ba ƙafar Mama nake kallo ba. Ƙafar dama a gaba, ta hagu a baya kaɗan, haka yake ɗora su. Faso a dunduniya, wanda yake shafa wa man kaɗanya da sanyi. Bakin wando a naɗe sau biyu saboda alwala. Jijiyar da ke tashi a bayan ƙafar in ya danna. Guntun zare fari da kullum yake manne a idon sawunsa. Da farcen babban yatsan dama, wanda ya rabe biyu tun daga tushe bai taɓa haɗewa ba. Babu abin da na goge. Da na ɗago, Baba Iliya ya ajiye jaridar yana kallo ta saman tabarau.

"Wannan mutum ya yi aiki a duniya," in ji shi.

Na fesa maganin gashin Mama a kai kamar yadda Morin ta koya mini. Ban tura ta waya ba, na san Inna ba za ta ga komai a ƙaramin gilashi ba. Na naɗe takardar na ba wani ɗalibi mai tafiya Kano, na roƙe shi kada ya lanƙwasa. Ban gaya wa Bilkisu abin da ke ciki ba, don ban san yadda zan faɗa ba.

Ina zaune a bakin gado ina rubutu a kan firiza da hantsi kiranta ya shigo. Ko gaisuwa babu.

"Yaya, wallahi ka ba ni kunya. Na tara yara, na kira su Kawu, na warware takarda, sai ga ƙafafu. Duk shekarun nan ƙafa ka je koyo? Me zan ce wa yaran, ga kakanku daga gwiwa zuwa ƙasa?"

Sai na ji magana ƙasa-ƙasa a bayanta, da motsi. Bilkisu ta ce, da wata irin murya, "Tsaya. Inna ce ta ce in ba ta."

Tunda na bar gida Inna ba ta taɓa karɓar waya ta yi magana da ni ba. Na sauko daga kan gado na durƙusa a ɗan wurin da ke tsakaninsa da firiza, kamar tana ganina. Na ji numfashinta.

"Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Na kai takardar bakin ƙofa wurin haske. Na gani. Farcen nan, dutsen guga ne ya faɗo masa. Satin da ka zo duniya. Yana sauri ya gama wata 'yar riga kafin ranar suna. Har ya rasu bai yarda cewa taka ce ba, wai ta wani mai kawo ɗinki ce."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Ka bar wahalar da kanka a kan fuskar," in ji ta. "Ni ma ƙafafun nan na fi sani."

Ta mayar wa Bilkisu wayar.

Bilkisu har yau ba ta haƙura ba, takan ce in na samu lokaci in sake gwada fuskar. Idon Inna kuwa ya rufe gaba ɗaya kafin in gama karatu in dawo. Da na shiga ɗakinta na durƙusa, na ga takardar a gefen gadonta. Maganin gashin bai yi aikin da Morin ta ce zai yi ba. Wajen babban yatsan dama ya shafe, saura farar takarda, kuma da Inna ta miƙo hannu tana laluben kaina, na ga kan yatsunta baƙi.